Tebur a Bayan Shagon Baba

Na share bayan shagon baba a Garwa,
inda buhunan gishiri ke kwana a da.
Tsohon ƙyaure ne teburina,
na ɗora shi kan bulo huɗu.
Ɗaya ya gaza tsawo, na cusa masa kwali.

Kwamfutar daga Yawunde ta taso.
Jirgin ƙasa ya sauke ta a Ngaundere,
mota ta ƙaraso da ita, naɗe cikin zanen Inna Dudu.
Tsohuwa ce, madanninta ɗaya ya fita kamar haƙori,
amma da irinta kaɗai Ayifon ke magana,
kamar attajirin da ba ya gaisawa sai da danginsa.

Kwana uku ina sauke kayan aiki.
Datar dare ta fi araha,
sai na zama abokin jemage.
Kashi tamanin da bakwai cikin ɗari,
wuta ta ɗauke.
Ban zagi kowa ba.
Na fita, na kurkure baki, na dawo na soma daga sifiri.

Kebul uku na sayo a babbar kasuwa.
Biyu caji kawai suka iya,
ciyarwa ba kai saƙo.
Na ukun na ɗaura wa jan zare don kar ya ɓace.

A hagu, Andiroyid ɗin ƙanwata Jiddere.
Sau bakwai na ƙwanƙwasa mata wuri ɗaya
kafin ta buɗe ɗakin da take ɓoye wa jama'a.
A dama, wayar Hamajoda mai fasasshen gilashi,
aro ce, zuwa Juma'a.
Na soka mata kebul, ta tambaya:
ka yarda da wannan kwamfuta?
Na yi dariya ni kaɗai.
Ko ranar da na je neman bashi
ba a yi mini tambaya mai wannan nauyi ba.

Zafin Afrilu bai san aiki ba.
Kwamfuta na huci kamar dorina a Binuwai.
Na ɗaga ta kan murafan kwalba,
na juya mata fanka, ni na zauna cikin gumi.

Manhajar ta matan adashi ce,
masu bandar kifin Lagdo:
wa ta zuba, wa ta kwasa, saura wa.
A hagu lissafi ya cika cif.
A dama jaka biyar ta sefa ta yi ɓatan dabo.
Rubutu ɗaya na yi musu,
uwa ɗaya, uba ɗaya,
kowace da halinta.

Na bi jajayen layuka kamar mai bin sawun akuya,
na tsayar da manhajar a tsakiyar tafiya,
na leƙa aljihunta, na sake ta,
na sake tsayar da ita taku ɗaya gaba.
Shayi ya huce sau biyu.

Can wajen kiran assalatu na kama ɓarawon.
Ɗayyaba.
Ƙugiyar da ke kan harafin farko na sunanta
ta maƙale a wata ƙofa da na gina da hannuna,
ƙofar da na auna da harufan Faransanci.
Sunan bai wuce ba, kuɗinta suka tsaya tare da shi a waje.
Ba laifin waya ba ne.
Ni ne na manta da yadda muke rubuta kanmu.

Layi biyu na gyara.
Wayoyin suka haska tare,
Ɗayyaba a hagu, Ɗayyaba a dama,
da ƙugiyarta, da jakarta biyar.

Baba ya zo buɗe shago, ya leƙo,
ya dubi wayoyi, ya dubi idona,
ya ce fanka tasa ce, in mayar kafin azahar.

Ran Juma'a Hamajoda ya faka babur a ƙofa.
Na goge masa gilashi da gefen riga, na miƙa.
Yanzu kebul mai jan zare na kwance a dama,
bakinsa a buɗe,
ni kuma ina lissafin wa zan roƙa ran Litinin.